Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sarakunan Hausawan Legas Da Limamanmu: A Tura Yaranmu Su Koyo Aikin Jinyar 'Yan Shaye-shaye

Assalamu alaikum. Iyayenmu sarakunan Hausawa na Agege, Idi-Araba, Mile 12, Alaba Rago, Obalende da sauran zangunan da ke faɗin jihar nan, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku. Alhazanmu na kasuwar tumatir da albasa da na kara da 'yan canji, ina gaisuwa da fatan an tashi lafiya.

Ni ɗanku ne, a Agege aka haife ni anan na girma, na yi karatun aikin kula da jin daɗin jama'a a jami'a, yanzu kuma ina bin masu aikin jinyar 'yan shaye-shaye ina koyo a hannunsu. Roƙo ɗaya na kawo gabanku kuma zan faɗe shi tun yanzu kar in ja zance. Dan Allah ku haɗa kuɗi ku ɗauki nauyin wasu daga cikin yaranmu maza da mata su je su koyi aikin ba masu shaye-shaye shawara da raka su har su rabu da abin, su koye shi a gun waɗanda suka iya, su zauna jarrabawa su samu satifiket na gaske, sannan su dawo su yi aikin a cikin zangunanmu da Hausa.

Ba sai na gaya muku akwai matsala ba, ku ake kawo wa ƙara kullum. Amma bari in kawo lissafi kaɗan saboda masu cewa ana zuzuta abin. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da harkar miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa na shekarar 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 a Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu a cikin shekarar, kuma kusan miliyan 3 daga cikinsu abin ya riga ya zame musu ciwo. Miliyan 4.6 tiramadol da danginsa suke sha ba tare da likita ya rubuta ba, miliyan 2.4 kuma maganin tari. Yankin da ya fi kowanne yawa a binciken nan shi ne kudu maso yamma da kashi 22.4 cikin ɗari, wato nan ɗin da muke zaune muke neman abinci. Daga lokacin zuwa yanzu kuwa ga sababbin ƙwayoyi irin su kolorado da ais sun shigo sun ƙaru a kan wiwi da sholisho da roci da muka sani da.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin yaranmu na nan Legas ba don nishaɗi suka fara ba. Yaro ya baro ƙauye ya zo cirani, yana dako a Mile 12 tun asuba yana sauke kwandunan tumatir har bayansa ya ƙage, ko yana tura baro, ko yaron mota ne da zai kwana da kwanaki a layin Apapa yana jiran lodi, ko mai gadi da aka ce kar ya runtsa, ko ɗan bola jari da ke yawo a ƙafa wuni guda cikin rana, sai abokin aiki ya miƙo masa ƙwaya ɗaya yace sha ka ji ƙarfi. Ranar kuwa ya ji ƙarfin, ya yi aikin mutum biyu ya samu kuɗin mutum biyu ya tura gida. Bayan wata biyu ɗaya ba ta yi masa, sai biyu sai huɗu, daga tiramadol mai lamba 100 ya koma mai 225 wadda ma doka ba ta yarda da ita ba, daga nan kuma ranar da bai sha ba ko tashi daga tabarma ba ya iyawa. Sannan da aka hana acaba a manyan sassan Legas a Fabrairun 2020 aka sake tsananta hanin a Yunin 2022, duk mun ga samarin da suka koma zaman kashe wando a gindin gada ba aiki ba kuɗin mota, kuma mun ga abin da zaman ya jefa wasunsu a ciki.

Toh mu me muke yi idan abin ya fito fili? A yi masa faɗa, a kira shi gaban mai unguwa ya rantse, idan ya sake sai a haɗa kuɗi a ɗora shi a motar da ta sauke kaya za ta koma Arewa ace a kai shi gun iyayensa, iyayen da su ma shi suke jira ya aiko musu. Wani a ce a yi masa aure zai natsu, sai a ɗauki 'yar mutane a saka ta cikin wahalar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Wani kuma gidan mari. Ranku ya daɗe ba mu manta Satumbar 2019 ba da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300 wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a gadon baya, bayan 'yan makonni aka sake samun irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu wuraren nan ba mugaye ba ne, sun rasa inda za su nufa ne kawai, kuma har gobe idan ba mu samar musu da wata ƙofar ba can za su koma. Ita ma dokar ƙasa ta canza, a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta ba mai irin wannan lalurar haƙƙin a kula da shi da mutunci.

Wani zai ce ai ga asibiti nan a Yaba, me ya sa sai namu. Gaskiya ne, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana nan tun 1907, ga na Aro a Abeokuta da ke da sashe na musamman na masu shaye-shaye tun shekarun 1980, akwai ƙwararrun likitoci da nas-nas masu ƙoƙari sosai kuma ni ban raina aikinsu ba ko kaɗan, a hannun irinsu nake koyo. Amma wannan aikin rabinsa da baki ake yinsa. Allura da magani suna sauke mutum daga kan ƙwayar cikin sati ɗaya ko biyu, abin da zai hana shi komawa kuwa hira ce ta watanni, a zauna da shi a tono me ya kai shi, da wa yake sha, wane lokaci ne sha'awar ta fi taso masa, me yake tsoro, me ya rage masa da yake so a rayuwa. Ta yaya za a yi wannan da yaron da ya zo daga ƙauyen Jigawa ko Zamfara ko Maraɗi, Turancinsa bai wuce na ciniki ba, Yarabanci kuwa gaisuwa kawai? Sai a ce a zo da tafinta, tafintan kuma waye, kawunsa ko maigidan da yake wa aiki. Na taɓa zama a irin wannan ganawar a wani asibiti, ana tambayar yaro guda nawa yake sha a rana kawunsa na tsaye a kansa, yace biyu yana kallon ƙasa, daga baya da muka keɓe ni da shi ya faɗa min abin ya ninka haka sau da yawa kuma yana haɗawa da roci da daddare. Likitan da aka gaya wa biyu lissafin biyu zai yi. Kuma ko da tafintan na kirki ne, akwai maganar da Bahaushe ba zai faɗa ba sai ga wanda ya san kunyarmu, wanda in yaro yace "jikina ne ba ya min daɗi" ko "abin ne ya motsa" zai gane me ake nufi, wanda ya san nauyin uwa a zuciyar ɗa ya san kuma yadda zai taɓo ta ba tare da ya karya yaron ba.

Iya Hausa da son taimako kaɗai ba sa mai da mutum ma'aikacin wannan fanni, kuma nan ne nake so ku ba ni aron kunnuwanku sosai. Alhazanmu masu motoci, ba wanda zai ba yaro makullin tirela daga Apapa zuwa Kano don kawai yana da hankali yana salla, sai ya yi shekaru a gefen direba. Ran ɗan mutum ya fi tirela. Wanda aka horar ya san cewa mai shan tiramadol ko kodin idan ya tsaya zai yi ciwon gaɓoɓi da zufa da gudawa da hamma da rashin barci kamar zai mutu, ya san yadda zai shirya shi tun kafin abin ya zo don kar ya gudu ya koma a rana ta biyu. Ya san wanda ya daɗe yana shan roci ko baliyam ko giya mai yawa ba a yanke masa lokaci ɗaya, domin yankewar na iya kawo jijjiga har ta kashe shi, dole sai likita ya riƙa rage masa a hankali, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna haɗarin kulle yaro a ɗaki ace ya yi ta ihu zai wuce. Ya san tiramadol mai yawa tana jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya wadda mu sai mu ce aljanu ne. Ya san akwai maganin da ake kira naloxone da ke farfaɗo da wanda ƙwaya irin su kodin ta danne wa numfashi idan an kai shi da wuri. Ya san lokacin da ya fi haɗari shi ne bayan mutum ya yi wata ɗaya ko biyu bai sha ba, jikinsa ya manta, sai ya koma ya sha adadin da ya saba a da shikenan a wayi gari a tsinci gawa. Ya san yadda zai bambance wanda ƙwaya ta birkita da wanda dama yana da ciwon damuwa ko taɓin hankali a ƙasa yake shan ƙwayar don ya samu sauƙi, ya san tambayar da zai yi in ya ji alamar mutum na tunanin kashe kansa, kuma ya san iyakarsa, inda aikinsa ya ƙare na likita ya fara.

Har yadda ake maganar ma koyonsa ake. Akwai salon hira da ake koyarwa wanda mai ba da shawara ba ya gardama da mutum ba ya masa tsawa, tambaya yake yi yana saurare har mutumin da bakinsa ya faɗi dalilin da ya sa yake so ya daina, domin dalilin da ya fito daga bakin mutum ya fi zama a ransa fiye da wanda aka ɗora masa. Wallahi abin da wuya, mu da muka taso cikin al'adar babba ya faɗa ƙarami ya ce to, sai an yi ta gwaji a gaban malami yana gyara maka kafin bakinka ya saba.

Hanyoyin samun ilimin suna nan kusa da mu. Jami'ar Legas da ke Akoka da jami'ar jiha, LASU, ta Ojo wadda ke maƙwabtaka da Alaba Rago duk suna koyar da ilimin halayyar ɗan Adam, wanda ya gama digiri ya ɗora da na biyu a ɓangaren asibiti zai zama cikakken ƙwararre. 'Ya'yanmu da suka riga suka zama nas za su iya ƙaro kwas na jinyar masu lalurar ƙwaƙwalwa, akwai makarantar a Yaba akwai a Aro. Sannan akwai manhajar da aka tsara musamman don wannan aikin wadda ake kira UTC, ƙungiyar Colombo Plan ce ke kula da ita ana koyar da ita a ƙasashe da dama har da Najeriya, matakin farkonta kwas takwas ne, daga yadda ƙwaya ke aiki a jiki da ƙwaƙwalwa, zuwa dabarun hira, da yadda ake auna girman matsalar mutum a rubuta masa tsarin jinya, da abin yi lokacin gaggawa, da ladubban aikin. Bayan kwasa-kwasan sai mutum ya yi aiki na aƙalla shekara guda a ƙarƙashin wani ƙwararre yana duba shi, sannan ya zauna jarrabawar ƙwarewa a wannan aikin da ake kira ICAP wadda ke da mataki uku kuma ana karɓar shaidarta har a wajen ƙasar nan. Akwai reshen ƙungiyar ISSUP a Najeriya ta masu wannan sana'a, nan ne wurin tambayar yaushe za a yi tirenin na gaba kuma wa ya cancanta.

Dan Allah a kiyayi satifiket ɗin otal. Yanzu an samu masu haɗa taron kwana biyu a karɓi kuɗi a ci abinci a ɗau hoto a raba takarda mai zanen zinare, washegari mutum ya buɗe shafi a Facebook yana kiran kansa ƙwararre ya kama haya ya ce ya buɗe rihab, wato gidan jinyar 'yan shaye-shaye. Duk wanda za ku biya wa kuɗin karatu ku tambaya wa ke koyarwa, wace hukuma ce ta san da takardar, a wane asibiti zai yi aikin gwaji kuma wa zai duba shi.

Malamanmu, Allah gafarta, ban zo don in ce a ajiye wa'azi ko addu'a ba, yaron da ya daina sha idan bai samu sahun salla da jama'ar da za ta karɓe shi ba zai koma gun tsofaffin abokansa ne. Ku kuka karantar da mu cewa haramcin giya ma a hankali ya sauka mataki-mataki, ku kuka karantar da mu labarin sahabin da aka yi ta kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, da wani ya tsine masa Annabi ya hana ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Masu bincike a wannan fanni sun ce kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa jinya sukan sake zamewa, kuma zamewar ba ta nufin jinyar ta lalace, ana dawowa ne a gyara tsari a ci gaba. Don haka maganar nan ta "ɗan ƙwaya ba ya shiryuwa" ina roƙon a daina ta a kan mumbari da majalisa, tana sa iyaye su yanke ƙauna tana sa yaran su ɓuya. Da za a samu limamai da ladanai da malaman Islamiyya su ma su yi ɗan gajeren tirenin na gane alamomi da sanin inda za a tura mutum, da an ci rabin yaƙin, don ku ake fara zuwa wa kafin kowa.

Wajen zaɓen waɗanda za a tura kar a manta da mata. Wancan binciken na 2018 ya nuna a cikin duk mutum huɗu masu sha ɗaya mace ce, amma je ka wuraren jinya ka ƙirga matan da ke ciki. Tun da binciken BBC ya tona asirin kodin a 2018 gwamnati ta hana shigo da maganin tarin da sarrafa shi, kowa ya san abin ya shiga har cikin ɗakunan matan aure da 'yan mata, kuma hanin bai cire shi daga jikin waɗanda suka riga suka kamu ba. Matar aure a Idi-Araba ba za ta zauna gaban namiji baƙo ta faɗi abin da take sha ba, tsoron saki ma kaɗai ya ishe ta, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Haka kuma waɗanda suka taɓa sha Allah ya yaye musu suka yi shekaru a tsaye, a ba su dama su ma, akwai horon da ake yi wa irinsu su zama masu rakiya, kuma yaro yana jin maganar wanda ya taɓa kwana inda yake kwana. Kar a mai da abin na 'ya'yan manya ko na ɗan wane, a duba haƙuri da riƙon amana. Riƙon sirri shi ne jarin wannan aikin gaba ɗaya, zango kuwa ƙaramin wuri ne, ranar da labarin mutum ɗaya ya fita daga ɗakin shawara ya isa teburin mai shayi, ba wanda zai sake takowa.

Sai maganar abinci. Idan aka horar da yaro ya dawo ba albashi, wata ƙungiya za ta ɗauke shi zuwa Abuja ko ya koma kasuwa, kuma ba za a ga laifinsa ba. Kuɗin da ake tarawa a kasuwanninmu na ƙungiya da wanda ake kashewa a bukukuwan naɗin sarauta, da abin da alhazai ke fitarwa duk shekara, wallahi kaɗan daga ciki zai riƙe mutum biyu a kowane zango, mace da namiji, da ɗaki ɗaya mai ƙofa da labule a wurin da shiga cikinsa ba zai zama abin nuni ba. A rubuta yarjejeniya, an biya maka karatu za ka yi wa al'umma aiki na shekaru kaza. Su kuma malamai su duba mana ko akwai kason zakka ko wakafi da zai iya shiga nan, wannan fagenku ne.

Ƙofar gwamnati ma ku ne za ku iya ƙwanƙwasa ta. Shugaban hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, Janar Buba Marwa, ya mulki jihar nan daga 1996 zuwa 1999, ya san Agege ya san Mile 12, kuma tun da ya karɓi hukumar a 2021 yake kiran sarakuna da malamai su shigo cikin yaƙin. Hukumar ba kame kaɗai take yi ba tana da sashen ba da shawara da jinya. Idan ni na rubuta takarda a kan tebur za ta kwana, amma idan majalisar sarakunan Hausawan Legas ta rubuta wa NDLEA da ma'aikatar lafiya ta jiha da shugabannin asibitin Yaba cewa ga yaranmu masu jin Hausa mun biya musu karatu muna neman a ba su gurbin aikin gwaji, kuma a riƙa kiransu idan an kawo majinyacin da ba ya jin Turanci, na tabbata za a saurare ku.

Ina roƙon a sa wannan magana cikin ajandar zamanku na gaba, a naɗa mutum uku ko huɗu ciki har da mace da ma'aikacin lafiya ɗaya su je su jiyo kuɗin kowane kwas da sharuɗɗansa su kawo muku a rubuce. Ni da 'yan uwana da muke wannan karatun a shirye muke mu zo fada duk ranar da kuka kira mu, mu yi bayani mu amsa tambayoyi. Idan akwai inda harshena ya yi kaifi a gafarce ni, ciwon abin ne. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya shirya mana zuri'a.

Wassalam,
ɗanku daga Zangon Agege.